Ƙananan Bankunan Ajiya: "Su Ba Su da 'Yan'uwa Ne?"

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ta yi wa tsada, da waɗanda suka fi son karatu a kan sauraro. Yau zancen kuɗi za mu yi, amma ta ƙofar tarihi za mu shiga.

Bari in fara da gwaggona. Ta yi shekaru tana sayar da atamfa da kayan yara a kasuwar Sabon Gari a nan Zariya. Tana da wani ɗan littafi mai shuɗin bango na wani ƙaramin banki da ba zan kama sunansa ba. Kullum da la'asar yaron bankin zai bi rumfa-rumfa, ya karɓi abin da ya sawwaƙa, ya rubuta, ya sa hannu. Wata Litinin ta je ciro kuɗin da za ta saro kayan sallah, sai ta tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda manne a bango. Ba gobara aka yi ba, ba 'yan fashi ne suka shiga ba, bankin ne kawai ya mutu. Da ta dawo gida, abin da ta yi ta maimaitawa shi ne: "To su ba su da 'yan'uwa ne?" Nufinta, a kasuwa idan ɗan layinku ya karye, kukan haɗa masa wani abu ya tashi. Me ya sa sauran bankuna ba su yi wa wannan haka ba?

Lokacin ina yaro, dariya tambayar ta ba ni. Sai da na girma na gane cewa akwai ƙasashen da ƙananan bankunansu ke da 'yan'uwa da gaske, kuma sunan wannan 'yan'uwantaka shi ne ƙungiyar bankunan ajiya ta yanki. Za mu je can, amma mu fara ganin yadda aka yi mu muka iso inda muke.

Bahaushe bai jira Bature ya koya masa ajiya ba. Akwai asusu na ƙasa da ake fasawa idan ya cika, akwai tunkiya da akuya da ake kiwo don ranar buƙata, akwai rumbu, akwai kwanonin da uwa ke tara wa 'yarta. Sannan akwai adashi, wanda shi ne ya fi kama da banki: kowa ya yi zubi, mutum ɗaya ya kwasa, a zagayo. Abin da ke riƙe adashi ba takarda ba ce. Kunya ce, da sanin juna, da uwar adashi wadda ta san gidan kowa da mijin kowa.

Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi. Da layin dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, sai ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da sauran wurare suka zauna kusa da tasha. Kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa suka kafa kantuna, shi ya sa har gobe muke kiran wata unguwa PZ, sunan kamfanin Paterson Zochonis ne. Samaru ta biyo baya da gonar gwajin noma a 1922, sai jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Wuraren nan biyu sun tara wani irin mutum da tsohon birni bai saba da shi ba: mai albashi, wanda ke karɓar kuɗi a ƙarshen wata, kuma danginsa suna nesa. Irin wannan mutum yana buƙatar wurin ajiya da ba sai an san kakansa ba.

Wurin da gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi shi ne gidan waya. Bankin ajiya na gidan waya ya fara a Ingila a 1861, ya iso Legas kafin ƙarni na 19 ya ƙare, daga baya ya bi gidajen waya zuwa arewa. Kana zuwa da sulallanka, a rubuta maka a littafi, a buga hatimi. Sai dai wannan banki karɓa kawai yake yi. Ba ya ba manomin Bomo rance, kuɗin da aka tara a Zariya takardun bashin gwamnati ake saya da su. A 1974 aka mai da shi Federal Savings Bank, daga baya ya rikiɗe ya zama bankin kasuwanci mai suna FSB International, a 2005 kuma ya narke cikin Fidelity Bank. Bankin Arewa da aka kafa zamanin Sardauna, mai dogon benen nan a Kano, shi ma ya shige cikin Unity Bank a 2006. Ku lura da hanyar da duk suka bi: ana farawa da ƙaramin mai ajiya, a ƙare a babban banki mai hedikwata a Legas ko Abuja.

Yanzu ga wurin da na fi so a labarin. Tsakanin 1988 da 1989 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Christopher Udry, ya yi shekara guda yana bin gidaje kusan 200 a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya, yana rubuta wa ya ranta wa wa, nawa, kuma yaya aka biya. Abin da ya gano ya zagaya duniyar masana. Kusan duk bashin tsakanin maƙwabta ne ko dangi. Galibi ba jingina, ba rubutu. Kuma adadin da ake biya ba a tsaye yake ba: idan ambaliya ta ci gonar wanda ya ci bashi, ko ciwo ya shigo gidansa, sai ya biya ƙasa da yadda aka zata, ko a ƙara masa lokaci. Idan kuma mai ba da bashin ne masifa ta faɗa wa, sai wanda ya ranta ya biya da ƙari. Wato bashin nan inshora ce a ɓoye. Wanda ya ƙi biya da gangan kuma, ana kai ƙararsa wurin manyan gari, sunansa ya ɓaci.

Amma tsarin yana da iyaka, kuma iyakar a bayyane take. Idan fari ya zo, ai kowa a ƙauyen ya shafa. Wa zai ranta wa wa? Ƙauye ɗaya ba ya iya yi wa kansa inshorar abin da ya same shi gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, domin ita ce matsalar ƙaramin banki ma.

A daidai wannan lokaci gwamnatin Janar Babangida tana neman yadda za ta rage wa talaka zafin shirin SAP. A Oktoba 1989 ta buɗe People's Bank, da Tai Solarin a matsayin shugaba, don ba masu ƙananan sana'a rance ba tare da jingina ba. Sai kuma bankunan al'umma, waɗanda Farfesa Akin Mabogunje ya jagoranci hukumarsu. Na farkonsu a duk Najeriya a jiharmu aka buɗe shi: Alheri Community Bank a Tudun Wadan Kaduna, a Disamba 1990. Wannan abu ne da yawancinmu ba mu sani ba.

Gaskiya tunanin yana da kyau. Gari ko unguwa za su haɗa jarin da bai gaza naira 250,000 ba. Ƙungiyar ci gaban garin ce za ta riƙe babban kaso, kuma an hana mutum ɗaya ya mallaki fiye da kashi 5 cikin 100, don kada wani attajiri ya mai da bankin aljihunsa. Banki ɗaya, ofis ɗaya, ba rassa. Za a ba ka rance ne saboda an san halinka. A taƙaice, an so a ɗauki abin da Udry ya gani a ƙauyukan Zariya a sa masa kanta da manaja da lasisi. Mutane suka karɓa hannu bibbiyu, kafin tsakiyar shekarun 1990 bankunan sun haura 1,300.

Sai aka fara mutuwa. Wasu daraktoci suka riƙa ranta wa kansu da surukansu. Wasu manajojin ba su taɓa riƙe littafin banki ba. Kunyar da ke sa a biya adashi ta juye ta zama kunyar tambayar bashi, domin wanda ya ci kuɗin limamin unguwa ne ko ɗan mai gari. Ga kuma wani abu da ba laifinsu ba ne: bankin al'umma ba ya iya wanke caki da kansa, dole ya ajiye kuɗinsa a wani babban bankin kasuwanci. Shekarun nan kuwa su ne shekarun rugujewar bankuna, a Janairu 1998 kaɗai an soke lasisin guda 26. Duk ƙaramin bankin da kuɗinsa ke ciki ya maƙale. Hukuma ɗaya daga Abuja ba ta iya leƙa littattafan bankuna sama da dubu da ke warwatse a ƙauyuka. Mafi muni, ajiyar da ke bankin al'umma ba ta da inshorar NDIC a wancan zamani. Idan an rufe, an rufe ke nan.

Suna da ƙungiya fa, NACOB. Amma ƙungiya ce ta taro da kai kuka wurin gwamnati. Ba ta da asusun ceto, ba ta da ikon ta shiga bankin mamba ta ce a buɗe mata littafi.

To yanzu mu tsallaka Jamus, don a can ne tambayar gwaggona ta sami amsa. Ba don Jamusawa sun fi mu gaskiya ba, a'a, don sun fara da irin matsalarmu ne sak. Bankin ajiya na farko a can an kafa shi a Hambug a 1778 saboda barori da leburori da matuƙan jirgin ruwa su sami inda za su ajiye 'yan kuɗinsu. A 1801 garin Gottingen ya kafa na farko da hukumar gari ta tsaya wa. A cikin ƙarni na 19 kusan kowane gari ya yi nasa. Ana kiransu Sparkasse. Ƙanana ne, kowanne a garinsa, kowanne shi kaɗai, kamar dai bankunan al'ummarmu.

Abin da ya canza labarin ya fara ne a 1881, lokacin da bankunan ajiya na yankunan Rhineland da Westphalia suka haɗu suka kafa ƙungiyar yanki. Sauran yankuna suka kwaikwaya, a 1884 aka yi ta ƙasa baki ɗaya. Ku lura da jerin: yanki ne ya fara, ƙasa ta biyo baya. Sai wani magajin gari a ƙaramin garin Nossen da ke Saxony, Johann Christian Eberle, ya ga cewa muddin ƙaramin banki ba zai iya aika kuɗi zuwa wani gari ba, 'yan kasuwa za su gudu zuwa manyan bankuna. Ya haɗa garuruwan yankinsa suka kafa cibiyar tura kuɗi tsakaninsu, ta fara aiki a 1909. Daga nan mai ajiya a ƙaramin gari yana iya biyan wani a wani garin ba tare da ya ɗauki tsabar kuɗi ba, kuma ba tare da bankinsa ya jingina da abokin gasarsa ba. Wannan ita ce ainihin ramin da bankunan al'ummarmu suka faɗa bayan shekara 80 da wani abu.

Yau akwai irin waɗannan bankuna wajen 350 a Jamus, ƙarƙashin ƙungiyoyin yanki 12. Me ƙungiyar ke yi? Tana da nata masu binciken kuɗi da ke shiga kowane banki mamba duk shekara, kuma ba manajan bankin ne ke zaɓo su ba, balle ya sallame su idan sun faɗi abin da ba ya so. Tana da makarantar horar da ma'aikata. Bankunan suna amfani da tsarin kwamfuta ɗaya da alama ɗaya, jan harafin S mai ɗigo a kai, don haka ƙaramin banki ba ya kashe jarinsa wajen gina manhaja. Sannan kowa yana zubi a asusun ceto na yanki. Idan mamba ya fara tangaɗi, ba a jira ya faɗi a zo a biya masu ajiya wani ɗan kaso. Ana sa masa kuɗi, a canza shugabanninsa, ko a haɗe shi da maƙwabcinsa. Idan asusun yanki bai isa ba, na sauran yankuna su kawo ɗauki. Tun shekarun 1970 da aka kafa wannan tsari, babu mai ajiya a Sparkasse da ya rasa kuɗinsa saboda bankinsa ya karye.

In ka duba da kyau, adashi ne na bankuna. Kuma dalilin da ya sa binciken ke da haƙori shi ne kuɗin kowa na ciki. Idan na san cewa ɓarnar bankin garin da ke kusa da ni daga aljihuna za a biya ta, ai ba zan kau da kai ba.

Akwai wata ƙa'ida kuma da suka riƙe: kowane banki ya tsaya a yankinsa, kada ya je farautar kwastoma a garin ɗan'uwansa. Sifen tana da irin waɗannan bankuna, ana ce musu cajas. A ƙarshen shekarun 1980 aka sake musu mara su buɗe rassa ko'ina, suka bazama ba da bashin gine-gine a garuruwan da ba su san kowa ba, 'yan siyasa kuma suna zaune a kujerun daraktoci. Da kasuwar gidaje ta faɗi bayan 2008, daga cikin 45 guda biyu kacal suka rage a matsayinsu na asali, ƙanana ne kuma, waɗanda ba su bar gida ba. Jamus ɗin ma ba ta fita lafiya lau ba. Manyan bankunan jihohi da ƙungiyoyin ke da hannun jari a ciki sun tafka asara a takardun bashin Amurka, har aka wargaza WestLB a 2012, kuma bankunan ajiya sun biya rabonsu na wannan asara. Ƙungiya ba laya ba ce.

Mu dawo gida. A Disamba 2005, zamanin Charles Soludo, Babban Bankin Najeriya ya fito da sabon tsarin ƙananan bankuna, waɗanda muke kira maikrofainas. Aka ce duk bankin al'umma ya kai jarinsa naira miliyan 20 ya sauya lasisi kafin ƙarshen 2007, ko ya rufe. Wajen 600 suka tsallake. Amma a wurin tsallakewar an yar da wani abu: dokar nan ta kashi 5 cikin 100 ta tafi, yanzu mutum ɗaya mai kuɗi yana iya mallakar bankin. A Satumba 2010, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, aka soke lasisin 224 a rana ɗaya, daga baya aka ba 121 damar gyara, 103 suka tafi. Aka sake ɗaga jari: miliyan 50 ko 200 ga ƙaramin banki, gwargwadon inda yake, biliyan 1 ga na jiha, biliyan 5 ga na ƙasa. A Mayu 2023 wasu 179 suka rasa lasisi. People's Bank kuwa tun 2000 aka haɗe shi da bankin manoma mai hedikwata a Kaduna, wanda yanzu ake kira Bank of Agriculture.

Kun ga maganin da muke sha duk lokacin da ciwon ya tashi: a ɗaga jari, a soke lasisi. Ra'ayina ne, kuma kuna iya saɓa mini a ƙasa, wannan magani arewa ya fi cutarwa. Dama can yawancin bankunan suna kudancin ƙasar. Garin da ke iya haɗa naira 250,000 a 1991 ba lallai ya iya haɗa miliyan 50 yau ba. Ga kuma batun kuɗin ruwa, wanda ya sa mutane da yawa a Zazzau ba sa ko leƙa ƙofar banki don neman rance. Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma yanzu akwai lasisin ƙaramin banki marar kuɗin ruwa, amma irin wannan banki yana buƙatar malaman da suka san fiƙihun ciniki da akawun da suka san lissafinsa. Ƙaramin banki ɗaya a Basawa ko Giwa ba zai iya ɗaukar nauyinsu shi kaɗai ba. Bankuna ashirin na yanki ɗaya za su iya.

Wanda ya rayu a cikin namu, duba da kyau za ka ga yana da jingina. Bankin maikrofainas na ABU da ke Samaru daga bankin al'umma ya taso, kuma a ganina abin da ya riƙe shi shi ne yana da uwa, wato jami'a, da kwastomomi masu albashi da aka san ofishinsu. Haka ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata, inda ake cire zubi tun daga albashi. Mai shayi a Hayin Dogo da mai kayan miya a Cikaji ba su da wannan gata.

Ƙungiyar da ta gaji NACOB ita ce NAMB, kuma tana da rassa a jihohi da shiyyoyi. Ta yi wani abu da ya yi kama da na Eberle: tare da Babban Banki an gina manhaja ɗaya mai suna NAMBUIT don ƙananan bankuna su hau tare. Mataki ne mai kyau. Amma bincike har yanzu na CBN da NDIC ne, kuma babu asusun da ya wajabta wa bankunan jihar Kaduna su ceci ɗan'uwansu kafin ya faɗi. Abin da aka samu shi ne inshora bayan mutuwa: an fara da naira 100,000 ga kowane mai ajiya a 2008, aka kai 200,000, a 2024 aka ɗaga zuwa miliyan 2.

Kada kuma wani ya ce haɗuwa irin wannan sai Turawa. A 1991 a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauye a wani shiri da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Adashi ne aka yi wa kwaskwarima: ana zubi duk mako a akwati, ana ba mamba rance daga ciki, a ƙarshen zagaye a raba uwa da riba. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Daga baya ƙungiyoyin suka riƙa haɗuwa suna kafa gamayya a matakin gari da yanki, kuma salon ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Daga ƙasar Hausa ya fita.

Yau idan ka tsaya a Kwangila ko bakin babbar ƙofar jami'a, kowane taku akwai mai POS a ƙarƙashin lema. Abin da zai ba ku mamaki, Moniepoint da Kuda da lasisin maikrofainas suke aiki, wato jikokin Alheri Community Bank ne a takarda. Sun warware matsalar tura kuɗi fiye da yadda Eberle ya taɓa mafarki. Sai dai kuɗin da mai POS na Samaru ya tara, ba a Samaru ake yanke shawarar wanda za a ranta wa ba. Kuma a gefensu akwai masu kama da banki da ba banki ba, irin MMM a 2016 da CBEX a 2025, waɗanda ba lasisi, ba inshora. Kafin ka sa kuɗinka ko'ina, sunayen bankunan da ke da lasisi suna shafin CBN, na masu inshora kuma suna shafin NDIC. Minti biyar ne.

Gwaggo dai ta koma adashi da mata goma sha biyu na layinsu, har ta bar kasuwa ba ta sake buɗe asusu a ƙaramin banki ba. Littafin mai shuɗin bango yana nan a cikin adakarta, tare da katin zaɓe da takardar filinta. Rubutu na ƙarshe a ciki na ranar Asabar ne, da sa hannun yaron bankin.

Wanda iyayensa suka taɓa ajiya a bankin al'umma a Zariya, ko a Funtuwa, ko a ko'ina, ya ba mu labarin yadda ta kaya, ba sai ya kama suna ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.